Silinda huɗu, shida ko takwas: wane inji ya dace da mai shirin shigo da mota mai ƙarfi Najeriya?

Wanda ya yanke shawarar shigo da mota mai gudu daga Amurka yakan tarar cewa zaɓen samfurin motar bai raba gardama ba, domin jiki ɗaya ne amma injinan da ke cikinsa iri-iri ne. Ford Mustang tana zuwa da inji mai silinda huɗu da tobo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi, tana kuma zuwa da V8, wato mai silinda takwas, mai lita 5.0. Mercedes C-Class tana da C300, da C43, da C63, kuma wanda bai san mota ba zai iya ganin su uku a jere ya ɗauka abu ɗaya ne. Haka Dodge Charger ta kafin 2024, daga V6 mai lita 3.6 har zuwa V8 mai lita 6.4, haka kuma BMW daga 330i zuwa M340i. Tsakanin na ƙasa da na sama akwai miliyoyin naira, kuma wani kaso mai tsoka na waɗannan miliyoyin ba mai sayar da motar ne zai karɓa ba, hukumar kwastan ce.

Ma'aunai biyar zan ɗora kowane inji a kansu: abin da motar za ta ci kafin ta fito daga tashar jiragen ruwa, wato kuɗin saye da kuɗin fito, yawan man da take sha da irin man da take buƙata, juriyarta ga zafi da ƙura da cunkoso, sauƙin samun bakanike da kayan gyara, sai kuma haɗarin asara, ko ta hanyar lalacewar inji ko ta hanyar rashin mai saye ranar da aka tashi sayarwa. Na farko shi ne ya fi rikita mutane, don haka da shi ya kamata a fara.

Yadda kuɗin fito yake aiki

Yawancin shawarwarin da ake samu kan zaɓen inji mutanen wasu ƙasashe ne suka rubuta wa 'yan ƙasarsu, kuma a wuraren da yawa girman inji ne ke yanke haraji. A Sin, harajin mota yana hawa mataki-mataki: kashi 5 cikin ɗari ga injin da ke tsakanin lita 1.5 da 2.0, kashi 12 tsakanin lita 2.5 da 3.0, kashi 25 tsakanin 3.0 da 4.0, sannan kashi 40 ga duk abin da ya haura lita 4.0. A Turkiyya harajin motar da injinta ya wuce lita 2.0 ya ninka kuɗin motar fiye da sau biyu. A Italiya kuwa ƙarfin inji ake auna, ana biyan yuro 20 a shekara kan kowane kilowat da ya wuce 185. Irin waɗannan dokoki na daga cikin dalilan da suka sa kamfanonin Jamus ke ƙera injinansu su tsaya daf da iyaka ba tare da sun taɓa ta ba: abin da BMW ke kira lita 2.0 cc 1,998 ne (cc 1,000 ne lita ɗaya), na Mercedes 1,991, lita 3.0 na BMW 2,998, V8 ɗin C63 da ake kira lita 4.0 kuma 3,982.

A Najeriya tsarin ba haka yake ba. Kuɗin fito yana bin ƙimar motar ne, wato kuɗinta haɗe da kuɗin jirgi da inshora, abin da ejan-ejan ke kira CIF. A tsarin da aka fara aiki da shi a watan Afrilun 2022, motar hawa da aka yi amfani da ita tana biyan diyuti kashi 20 cikin ɗari, da harajin NAC, wato na hukumar kula da harkar motoci ta ƙasa, kashi 15, yayin da sabuwa dal take biyan 20 da 20. A kan wannan akwai ƙananan caji: kashi 7 na diyutin kansa, kashi 1 na kuɗin motar kafin a ɗora ta a jirgi, rabin kashi 1 na ECOWAS, sannan a ƙarshe a haɗa komai a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Ga misalin lissafi da motar da aka ƙiyasta CIF ɗinta dala 20,000, wato dala 18,000 kuɗinta, 2,000 jirgi da inshora: diyuti 4,000, NAC 3,000, ƙananan caji uku 560, VAT 2,067. Jimilla dala 9,627, kusan kashi 48 cikin ɗari, kuma ba a sa kuɗin tasha da na kamfanin jirgi da ladan ejan da kuɗin tirelar da za ta kawo motar Arewa ba.

Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne, duk dala 10,000 da babban inji ya ƙara wa ƙimar mota yana janyo ƙarin kusan dala 4,800 a tasha. Don haka inji yana shafar haraji, amma ta bayan gida. Tsohuwar Charger mai V8 da ƙimarta ta faɗi za ta iya biyan ƙasa da abin da sabuwar C300 mai silinda huɗu za ta biya.

An taɓa gwada haraji kan girman inji kai tsaye. A farkon 2023 gwamnatin Buhari ta sanya ƙarin kashi 2 cikin ɗari kan motocin da ke tsakanin cc 2,000 da 3,999, da kashi 4 kan masu cc 4,000 zuwa sama, sai Shugaba Tinubu ya dakatar da shi a watan Yulin shekarar. Ko da irin wannan haraji yana aiki ranar da motarka ta iso, dala 600 ne a kan motar dala 30,000, dala 1,800 a kan V8 ta dala 45,000, abin da bai kai ya sauya ra'ayin mai saye ba. Amma iyakokin suna da ban sha'awa: 330i da C300 za su tsallake gaba ɗaya saboda sun gaza 2,000 da 'yan cc kaɗan, Mustang mai silinda huɗu za ta faɗa ciki domin nata 2,261 ne, C63 kuma duk da V8 ɗinta za ta zauna a matakin ƙasa tare da Camry.

Abubuwa biyu sun fi wannan girgiza aljihu. Na ɗaya, tun 2022 kwastan na fitar da ƙimar mota ne ta lambar VIN, wato lambar shasi, ba ta rasitin da ka kawo daga gwanjo ba, kuma a motocin Ford da Dodge harafi na takwas na lambar yana bayyana injin da ke ciki, saboda haka tsohuwar dabarar rubuta V8 a matsayin V6 ta daina ci. Na biyu shi ne farashin dalar da kwastan ke lissafi da shi, wanda ya tashi daga kusan naira 422 a tsakiyar 2023 ya haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Mutanen da motocinsu ke kan teku a wannan tsakanin sun biya fiye da abin da suka tanada nesa ba kusa ba. Cajin kashi 4 na kuɗin kaya da dokar kwastan ta 2023 ta tanada shi ma ya yi ta shiga yana fita a 2025. Saboda haka kafin a danna farashi a gwanjo, a tura wa ejan lambar VIN ya fitar da lissafin ranar a rubuce, sannan a ajiye rarar kuɗi a gefe. A kuma tuna cewa motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa tana cikin jerin kayan da aka hana, cewa an haramta shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa tun 1 ga Janairun 2017, kuma mai sitiyari a dama ba ta da wurin zama a titunanmu. 'Yar Kwatano mai araha wadda takardunta ba su cika ba tana iya ƙarewa a harabar kwastan, kuma mota mai ƙarar V8 ba ta wuce shinge ba a lura da ita ba.

Man da muke da shi

Kafin a shiga injinan ɗaya bayan ɗaya, akwai batun da ya shafe su duka. Amurkawa da mu ba ma'auni ɗaya muke amfani da shi wajen auna ƙarfin fetur ba. Fetur ɗin gidajen manmu yana kusa da 91 a ma'aunin RON da muke amfani da shi, wanda ya yi daidai da mai lamba 87 a Amurka, wato mafi arha a can. Idan littafin mota ya ce tana buƙatar 91 a ma'aunin Amurka, to kusan RON 95 ake nufi, kuma ba shi ake sayarwa a kowane gidan mai tsakanin Zariya da Gusau ba. Injin zamani ba ya mutuwa nan take don an ba shi mai mai rauni: na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji tana sanar da kwamfutar motar, ita kuma ta ja lokacin tartsatsin fulogi baya. Sakamakon shi ne ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, zafi ya hau. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40, iskar da ke shiga injin ma da zafinta take shiga, sai matsalar ta ninku. Ƙarfin dokin da aka rubuta a takarda ba duka ne ke isowa Arewa ba. Ga kuma gurɓataccen mai, wanda duk mai mota ya tuna abin da fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi daga Beljiyam ya yi wa injina a watan Fabrairun 2022.

Silinda huɗu mai tobo

A nan akwai Mustang EcoBoost mai lita 2.3 da ƙarfin doki 310, da C300 mai doki 241 wadda ta koma 255 daga 2019, da BMW 330i mai 248 zuwa 255. Su ne mafi arha wajen saye, don haka mafi sauƙin kuɗin fito, kuma sun fi yawa a wuraren gwanjo irin Copart da IAAI, abin da ke ba mai saye damar zaɓe ya ƙi wadda ta yi mummunan haɗari. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka suna shan tsakanin kusan lita 8 da 9.5 a kilomita 100. Wajen tuƙi ba su da abin kunya ko kaɗan, domin tobo yana ba da ƙarfi tun daga ƙasa, kuma gaban motar ba shi da nauyi, sai ta fi saurin juyawa a kwana.

Rauninsu yana cikin abin da ya ba su ƙarfin. Ƙaramin inji ne ake matsa masa ya yi aikin babba, don haka shi ya fi kowa jin zafin mai mai rauni. Mercedes tana sharɗanta mai mai lamba 91 na Amurka, BMW tana ba da shawararsa. Ford ce kaɗai a cikinsu ta yarda da 87 a rubuce, tare da gargaɗin cewa ƙarfi zai ragu. Dukkansu suna fesa mai ne kai tsaye cikin silinda, don haka fetur ba ya wanke bawul ɗin shigar iska, sai baƙin datti ya taru a kansu da tafiyar lokaci, kuma nozul da famfon mai na irin wannan tsari suna da tsada, ba sa kuma yafe wa ruwa ko ƙasa a cikin tanki. Wanda yake duban tsohuwar BMW ya bambanta 330i da 328i ta 2012 zuwa 2015, domin injin N20 na 328i ya yi ƙaurin suna wajen lalacewar robar da ke riƙe sarƙar taimin, wadda idan ta karye takan tafi da injin gaba ɗaya.

Wajen gyara, C300 ta fi sauran sa'a saboda yawanta a ƙasar: kayanta na samuwa a kasuwannin Ladipo ta Legas da Apo ta Abuja, har ma a Panteka da Ƙofar Ruwa. Mustang mai silinda huɗu kuwa tana da wata matsalar da ba ta inji ba. Mai neman Mustang a kasuwarmu yawanci ƙarar V8 yake nema, kuma da zarar ya ji sautin ya buɗe bonet, farashin da zai taya ya sauka.

Silinda shida

Wannan rukuni gida biyu ne, kuma kuskure ne a haɗa su. Gida na farko marasa tobo: Lexus IS 350 mai lita 3.5 da doki 306 zuwa 311, Charger mai lita 3.6 da doki 292, Mustang V6 mai lita 3.7 da doki 300 wadda aka daina ƙerawa bayan 2017, har da Camry V6 ta 2018 zuwa 2024 mai doki 301, wadda masu son mota ke rainawa alhali tana barin motoci da yawa masu manyan sunaye a baya. Gida na biyu masu tobo: BMW 340i mai doki 320 da M340i mai 382, da C43 ta kafin a mayar da ita silinda huɗu, mai 362 wadda ta koma 385.

Marasa tobo su ne mafi kwanciyar hankali a duk wannan kwatance. Injin Lexus ɗan gidan 2GR ne, dangin wanda ke cikin Avalon da Highlander da Sienna da RX 350 da ES 350, kuma da wuya a sami babban gari a Najeriya da babu bakaniken da ya taɓa buɗe irinsa. Gaskiya ne na IS 350 a tsaye yake ba a gicciye ba, tsarin fesa mansa ma daban ne, don haka ba kowane kaya na Camry ke shiga ba, kuma Lexus tana neman mai mai lamba 91. Amma inji ne da ba a matsa masa ba, yana da rarar juriya, kuma yana fesa mai ta hanyoyi biyu, abin da ke rage taruwar datti a bawul. Charger V6 da Camry V6 kuwa an ƙera su ne don mai mai lamba 87, wato daidai abin da muke da shi a famfo. Abin da aka sani da injin Dodge shi ne yoyon baƙin mai daga gidan filta na roba da ke tsakiyar injin, da ƙaran ƙyas-ƙyas daga sama idan rokoki, wato ƙarafan da ke danna bawul, sun fara ci, kuma duka biyun gyara ne da ba ya karya mutum idan an kama shi da wuri. Shan mansu yana tsakanin lita 9 da 11. Aibinsu ɗaya: wanda yake son motar da za ta manna shi da kujera da zarar ya taka totur zai ga sai allura ta hau sama sosai kafin su nuna halinsu.

Masu tobo kuma su ne inda gudu na gaske yake haɗuwa da shan mai mai ma'ana. M340i tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai, tana gogayya da Mustang GT, amma a takarda ba ta kai lita 10 ba. Injinta B58 ya yi sunan da ya sa Toyota ta ɗauke shi ta sa a Supra tun 2019, giyabos ɗinta na kamfanin ZF mai giya takwas kuma yana cikin waɗanda aka fi yabo. Inda take ciwo shi ne bututai da mahaɗan ruwa na roba, waɗanda zafinmu ke busar da su kafin lokacinsu. Mai irin wannan mota ya mayar da duba ruwan lagireto al'adar kowane mako, kuma kada ya yarda a zuba masa ruwan rijiya ko a cire masa tamostat da sunan maganin zafi, kamar yadda wasu gareji suka saba. Ƙimarsu a kwastan ta fi ta silinda huɗu da tazara mai yawa, C43 musamman, tunda sunan AMG, sashen Mercedes na motoci masu gudu, na kanta, kuma suna buƙatar bakanike mai kwamfutar da ta dace da kamfanin, wanda a Abuja da Legas ake samu cikin sauƙi, a Kano da Kaduna sai an bincika, a ƙananan garuruwa kuwa sai dai a ɗora motar a tirela.

V8

Shi ma gida biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta silinda shida faɗi. V8 na Amurka mara tobo, wato Mustang GT mai doki 435 daga 2015 zuwa 2017 da 460 daga 2018, da Charger ko Challenger R/T mai lita 5.7 da doki 370 zuwa 375, ba shi da wuyar sha'ani kamar yadda girmansa ke tsorata mutane. Ford ta yarda da mai mai lamba 87 a GT, Dodge tana ba da shawarar 89 a injin 5.7 amma ta amince da 87. A ra'ayina, wajen jure man da muke da shi, Charger R/T ta fi C300 sauƙin zama da ita, duk da cewa silindarta ta ninka. Injin HEMI, wato V8 ɗin Dodge, tsohon tsari ne mai sauƙi, yana kashe silinda huɗu idan ana tafiya a hankali a kan babbar hanya, sai dai fulogi 16 yake ci, kuma an san shi da cin kamshaf da abin da ke hawa kansa, matsalar da ake dangantawa da daɗewa a kunne ba tafiya. Wanda ya saba barin mota a kunne da na'urar sanyaya iska yana jiran iyali a bakin kasuwa ya lura da wannan. GT ta 2018 zuwa gaba tana ɗaukar baƙin mai kusan lita tara da rabi a kowane juye, kuma matsin silindarta ya fi na wadda ta gabace ta, don haka ta 2015 zuwa 2017 ta fi haƙuri da mai mai rauni, ga shi ƙimarta a kwastan ta fi sauƙi, muddin ba ta kusa cika shekara 12 ba lokacin da za ta iso. A gidan Dodge, Scat Pack mai lita 6.4 da doki 485 tana neman 91, haka Hellcat mai doki 707, wadda a kan titin da doka ta ƙayyade wa motar gida kilomita 100 a awa, mai ramuka da shanu da masu babur, ba ni da wata hujjar da zan kare sayenta da ita in ban da sha'awa.

Shan mai a takarda lita 12 zuwa 13 ne, a cunkoson Legas ko na Kano kuwa ya wuce haka nesa. Amma a yi lissafi kafin a tsorata. Wanda ke tafiyar kilomita 15,000 a shekara, bambancin lita 3 a kowace kilomita 100 tsakanin EcoBoost da GT lita 450 ne, wato naira 450,000 idan aka ƙaddara lita a naira 1,000. Idan GT ta fi ƙima da dala 10,000, ƙarin kuɗin fitonta kaɗai a canjin 1,500 ya kai naira miliyan 7.2, kwatankwacin bambancin man shekara 16. Ke nan tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suna tsoron V8 saboda gidan mai, alhali babban cizon a tasha yake.

V8 na Jamus mai tobo biyu wani al'amari ne dabam. C63 ta kafin a mayar da ita silinda huɗu tana da doki 469, mai harafin S tana da 503, kuma tobo ɗinta biyu a tsakiyar injin suke zaune, wurin da ya fi ko'ina zafi. BMW ta yi amfani da irin wannan tsari a injin N63 na 550i da 750i, wanda na farko-farkonsa suka shahara da shan baƙin mai har kamfanin ya fito da shirin gyara na musamman a 2014. Waɗannan motoci komai nasu na musamman ne, daga faifan birki zuwa taya, kuma abu kaɗan ne cikin kayansu ake samu a shago ba tare da an yi oda an jira ba. Tsakanin gidajen biyu akwai V8 na Lexus mai lita 5.0 a RC F da GS F da IS 500, mara tobo, mai juriya, amma ba shi da yawa kuma ƙimarsa ba ta faɗuwa, don haka kuɗin fitonsa ma ba ya sauka.

| Inji | Misali | Ƙarfin doki | Lita a km 100, a takarda | Kuɗin fito | Haƙuri da manmu | Samun gyara |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 4 mai tobo | EcoBoost, C300, 330i | 241–310 | 8–9.5 | mafi sauƙi | kaɗan | matsakaici |
| 6 mara tobo | IS 350, Charger V6, Camry V6 | 292–311 | 9–11 | sauƙi zuwa matsakaici | sosai | mafi sauƙi |
| 6 mai tobo | 340i, M340i, C43 | 320–385 | 9.5–11 | mai yawa | matsakaici | manyan birane |
| V8 mara tobo | Mustang GT, Charger R/T | 370–460 | 12–13 | matsakaici zuwa mai yawa | da dama | inji da sauƙi, kaya sai oda |
| V8 mai tobo biyu | C63, C63 S | 469–503 | kusan 12 | mafi yawa | kaɗan | ƙwararru ƙalilan |

Haɗarin gwanjo, wanda ke ƙaruwa da ƙarfin inji

Motar iyali takan shiga gwanjo ne don wani ya buge ta a fitilar hanya. Mota mai ƙarfi kuwa sau da yawa mai ita ne ya kai ta bango, kuma kafin nan ta sha wahala a hannunsa. Da yawa an taɓa kwamfutarsu an ƙara matsin tobo bisa zaton za a riƙa zuba mai mai lamba 93, kuma irin wannan mota idan ta sha namu a rana mai zafi, fistin ne ke biya. A duba hotunan cikin bonet: bututun iska da ba na kamfani ba, ko salansar da aka sauya, alama ce ta a yi tambaya, kuma aikin farko bayan isowarta shi ne a mayar da kwamfutar yadda kamfani ya saita ta. Wadda ruwa ya ci a guje ta ko nawa aka karya farashin, domin wayoyinta za su yi ta fitar da sabuwar cuta wata bayan wata. Rahoton tarihin mota na Carfax da ɗan kuɗin da za a biya wani ya je ya ga motar da idonsa ba komai ba ne kusa da kuɗin fito, wanda ba ya dawowa idan inji ya buga a wata na biyu. Sai kuma ƙasan motar: C43 da C63 da M340i suna zuwa da manyan rim da siraran tayoyi, kuma rami ɗaya a hanyar Kaduna ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim.

Wa ya dace da wanne

Wanda motar za ta zama ita kaɗai ce a gidansa, da ita zai je aiki da ita zai je gaisuwa a ƙauye, musamman idan yana zaune nesa da Abuja da Legas, silinda shida mara tobo ce tasa: IS 350 idan yana son ƙarama mai ja da tayoyin baya wadda za ta sayu cikin sauƙi, Charger V6 idan yana son faɗi da kwarjini, Camry V6 idan bai damu da a san yana da gudu ba. Wanda kasafinsa ya tsaya wuri ɗaya kuma a cikin gari yake yawo, silinda huɗu mai tobo za ta wadatar da shi, da sharaɗin ya tsaya wa gidan mai ɗaya da ya amince da shi, ya riƙa juye baƙin mai kafin lokacin da littafi ya faɗa, kuma ya zaɓi shekara mafi sabunta da kuɗinsa zai kai maimakon babban inji a tsohon jiki.

Mai neman gudu na haƙiƙa a motar da zai hau kullum, yana zaune a Abuja ko Legas, yana kuma da bakaniken da ya riga ya gwada, 340i ko M340i ce ta fi ba shi abin da ya biya. Wanda kuwa sautin ne ya kawo shi, kada ya yaudari kansa da EcoBoost don ya rage kuɗin fito, domin zai sayar da ita da asara cikin shekara guda ya sake biyan wani fiton: ya nemi Mustang GT ko Charger R/T mai tsaftataccen tarihi, ko da zai sauka shekara biyu ko uku a ƙira don ƙimar ta yi daidai da aljihunsa. C63 da Hellcat da ire-irensu na wanda yake da wata motar a gida ne, wanda kuma zai iya ajiye kuɗin gyara a gefe tun ranar saye, ya jira kayan da aka yi oda daga Dubai ko Amurka na mako uku ba tare da harkokinsa sun tsaya ba.